Ramin da Malam Alfred Ya Haƙa wa Fijo

"Taka kuloci, Tela! Taka har ƙasa, ba keken ɗinki ba ne!"

Na taka iya ƙarfina. Malam Alfred ya zuro hannu ta taga ya kama sandar giya da ke jikin sitiyari, ya ja. Motar ta yi gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, giya ta ƙi shiga. Ya sake ja, ta sake ƙi.

"Ka ji ko? Ba inji ba ne," in ji shi. "Jiya na wanke fulogi, na hura kafireto, inji lafiya lau. Faifan kuloci ne ya cinye. Sai an sauke giyabos, akwatin giyar gaba ɗaya."

"Wa zai sauke?"

"Ni mana."

Malam Alfred maƙwabcina ne a Tudun Wada, katanga ce kawai tsakaninmu. Mutumin Kaltungo ne, malamin firamare, mai kirki da taurin kan tsiya. Shekarar da ma'aikata suka samu kuɗin ƙarin albashi na Udoji, gari ya ruɗe da sayayya, wannan babur, wancan rediyo mai kaset. Shi kuwa sai ya jawo mana tsohuwar Fijo fara, wadda ta fi zama a ƙofar gida fiye da kan titi. Da can abin dariya ne a unguwa. Wannan karon babu mai dariya.

Mahaifiyarsa, Mama Dokas, tana kwance a ɗaki tun farkon damina, ƙafafu sun kumbura, numfashi da ƙyar. Asibiti sun sallame ta, suka ce a kai ta gida a lallaɓa ta. Ita kuma gida a wajenta ba Gombe ba ne. Ta katanga nake jin ta kullum.

"Alfred, ba zan mutu a ɗakin haya ba. Ka kai ni Kaltungo, kusa da kabarin babanka."

Motar haya kuwa babbar mota ce, a cusa mutane da buhuna da awaki, kuma likita ya ce jikinta ba zai ɗauki wannan jijjiga ba. Ya yi mata alkawari zai kwantar da ita a kujerar baya, ya tuƙa a hankali. Ya je wajen makanikai, ya tarar sababbin motoci sun cika musu gareji, kowanne ya ce ya dawo wani makon. Tsohuwa kuwa ba ta da tabbacin wani mako.

Da la'asar na ga ya fito da diga da shebur. Ya ga makanikai suna shiga rami a ƙarƙashin mota, shi ma zai haƙa nasa a ƙofar gida.

Na ce, "Malam, nasu fa an yi masa siminti. Ka san ƙasar Gombe, rairayi ce zalla. Ruwa ɗaya sai ka ga kwari ya buɗe inda ake tafiya jiya."

"Zan sa katako a baki."

"Katakon ma a kan me zai zauna?"

"Tela, je ka yi ɗinkinka."

Na tafi da haushi. Kafin magariba ya gama, samarin unguwa suka tura masa motar ta hau kan ramin. Da asuba aka tafka ruwa.

Da hantsi ina cikin shago ina yanka yadi, na ji wata ƙara maras ƙarfi, kamar an yar da buhun masara. Sai ihun matarsa Selina.

"Jama'a! Ku zo! Ta danne shi!"

Bakin ramin na hagu ya zaftare, katakon ya bi shi, tayar gaba ta nutse. Ƙafafunsa kawai muke gani suna shure-shure cikin laka. Ya riga ya kwance giyabos yana tallafe da shi, sai ƙarfen da nauyin motar suka sauka a ƙirjinsa. Babayo direba, wanda ya dawo daga Jos a ranar, shi ya tsawata mana muka kama gefe ɗaya muka ɗaga, wasu suka jawo shi.

Abin mamaki, babu jini ko ɗigo. Ya zauna, ya yi tari, ya nemi ruwa. Har murmushi ya yi.

"Tela, ka ci gari. Ƙasarku ba ta da amana."

"Tashi mu je asibiti," in ji Babayo.

"In na je kwantar da ni za su yi. Wa zai kai Mama?"

Selina ta durƙusa a gabansa tana kuka. "Malam, don Allah ka ji maganar mutane."

"Yi shiru kada Mama ta ji. Ki ce mata sifana ce ta faɗi."

Mun yi lallashi, mun yi faɗa, ni har zaginsa na yi. Ya ƙi. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin dogon yaro, ya jingina da bango yana riƙe da haƙarƙari. Babayo ya cire riga ya ce shi zai ƙarasa aikin, amma ba a rami ba. Aka turo motar kan tsandauri, aka ɗora ta a kan kututturen itace. Daga tabarma Malam yake ba da umarni, wannan ƙusa kafin waccan, a daidaita sabon faifan da ya saya kafin a ɗaure. Muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Na lura leɓɓansa sun yi fari, gumi yana keto masa alhali garin da sanyin ruwa. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Bayan azahar aka gama. Malam ya ce shi zai gwada da kansa. Muka kama shi ya shiga, ya tayar, ya taka kuloci, giya ta shige sumul ba ko ƙara. Ya je bakin layi ya juyo, ya tsaya daidai tagar ɗakin tsohuwa.

"Mama! Kin ji? Gobe da safe sai gida."

Daga ciki ta amsa da harshensu, ban ji me ta ce ba, amma ya yi dariya. Sai ya kifa goshi a kan sitiyari, inji yana ta aiki. Mun ɗauka hutawa yake yi.

A kujerar bayan da ya tanada wa mahaifiyarsa muka kwantar da shi, Babayo ya ja motar zuwa asibiti. Kansa yana kan cinyata. Kafin mu kai ƙofar asibitin na ji jikinsa ya saki. Likita ya ce jini ne ya zuba a ciki tun safe. Allah ya jiƙansa. Har yau in na tuna, baƙin ciki da haushinsa tare suke taso mini, na rasa wanda ya fi.

Matan cocinsu ne suka shiga suka faɗa wa Mama Dokas. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi, a ina za a sa shi. Aka ce Kaltungo, kusa da babansa.

Akwatin gawa ba ya shiga Fijo, don haka washegari 'yan coci suka ɗauko babbar mota. Babayo ya buɗe wa tsohuwa ƙofar Fijo, Selina ta jera mata matasai a baya.

"Mama, ki shiga nan, za mu bi su a hankali," in ji Babayo.

Ta dubi motar, ta kau da kai.

"Ku ɗora ni inda yarona yake."

Fasto ya yi magana, Selina ta roƙa, ta ƙi. Ciccibarta aka yi da tabarmarta aka ajiye ta a bayan babbar motar, gefen akwatin, mata suka kewaye ta suka soma waƙa a hankali. Layinmu ruwa ya cinye shi, duk kwazazzabai. Ina tsaye a ƙofar shago motar ta faɗa na farko, akwatin ya gusa. Na ga ta miƙa kumburarren hannunta ta dafe murfin, ba ta ɗauke ba har suka sha kwana.