Dubu Goma da Ɗaya

Malamar lissafi tana ɗaure takardun jarrabawar aji uku domin a mayar wa ɗalibai, sai idonta ya faɗa kan takardar yarinyar nan da ake kira Ta-Baya, saboda kullum a kujerar ƙarshe take zama. Tambaya ta tara ta ce: shin 10,001 tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu? Amsar da Malama ta tanada ita ce e. Ta-Baya kuwa ta rubuta a'a, ta sa 73 sau 137 a ƙasa. Tun wajen duba takardun Malama ta soke da jan biro, har ta ƙara da "Daina cinke."

Yanzu sai hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta juya wani ambulan ta buga lissafin a bayansa. Dubu tara da ɗari biyar da casa'in, a ƙara ɗari huɗu da sha ɗaya. Ta sake bugawa. Amsar ba ta motsa ba.

Ta tuna ranar da ta shirya tambayar. Ta ga lambar mara ce, biyu ba ta raba ta. Ta gwada uku, bakwai, sha ɗaya, ta bi su har arba'in da bakwai, sai aka buga ƙararrawa ta miƙe. Ba ta koma kai ba.

Ta zauna, ta tashi, ta buɗe taga, ta rufe. Daga nan ta kwashi takardun ta nufi ofishin jarrabawa.

"Malam, a dakatar da sakamakon aji uku. Na yi kuskure."

Jami'in jarrabawar, dattijo mai tabarau, bai ɗago ba. "An riga an shigar, Malama. Maki nawa ne?"

"Biyar."

"A kan biyar za ki tayar mana da ƙura? Wa zai sani?"

"Yarinyar da ta ci tambayar ta sani. Yara sittin na ba maki a kan amsar banza, na hana mai gaskiya."

Ya cire tabaran ya daɗe yana gogewa. "To, ke za ki sake duba su duka. Kafin a tashi."

Ko ruwa ba ta sha ba sai da ta gama. Ta-Baya ta tashi daga ta shida ta koma ta biyu.

Washegari Malama ta shiga aji. Ta rubuta lambar a allo, ta ce, "Na koya muku ba daidai ba. Ta-Baya, zo ki gyara mini."

Yarinyar ta fito tana jan ƙafa, ta yi lissafin ba ta kalli kowa ba. Aka fara ƙus-ƙus a ajin.

"Yaya aka yi kika gano?" in ji Malama.

"Na ci gaba da gwadawa ne kawai, Malama. Shi ya sa ban taɓa tambaya ta goma ba, lokaci ya ƙare."