Taurarin da Ɗaukewar Wuta Ta Haifa

Dokta Mubaraka ba ta iya mantuwa ba, balle yafiya. Mutanen Gwandu sun san ta da haka tun tana yarinya.

Shekaru suka yi da Dokta Rilwanu a wani ɗakin bincike a Kalgo, suna sa kwamfuta ta kwaikwayi cincirindon taurari. Abin nemansu shi ne matattun taurarin da cunkoso ke haɗawa biyu-biyu, su yi ta zagaya juna har su girgiza sararin samaniya. Ita ta tsara lissafin. Aiki na gab da nuna sai ga Atiku, ɗan yayar Rilwanu, yana neman abin da zai ɗaga shi. Rilwanu ya goge sunanta daga takardar binciken ya sa na Atiku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta koma Gwandu koyarwa, baƙin ciki na cin ta.

Akwai abin da Rilwanu da Atiku ba su sani ba. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta, in janareta ya kama, kwamfutar takan koma baya ta sake ƙirga taurarin da ta riga ta ƙirga. Mubaraka ce ke tsince su da hannu, kamar tsakuwa a shinkafa. Wuta kuwa ba ta gajiya da ɗaukewa.

Wata rana Rilwanu ya kira ta, muryarsa cike da murna.

"Malama, taurarin ga sun ninka! Ko kina ganin da matsala?"

"Allah shi sa albarka," ta ce, ta kashe wayar.

Ta jira aka buga binciken a wata mujalla, aka yi walima, aka ci naman rago. Sannan ta sanar da masu mujallar inda za su duba. Suka duba, suka janye takardar, da sunayen mutum biyu ɓaro-ɓaro a sanarwar.

Rilwanu ya zo Gwandu da rana tsaka, ya zauna a zauren mahaifinta, ya kasa shan furar da aka kawo masa.

"Kin sani tun farko," ya ce. "Don mi ba ki hwaɗa min ba? Aikinki ne ke ma."

Mubaraka ta dube shi, daɗi ya ratsa ta, ba ta ko ɓoye ba.

"Aikina? Duba takardar da kyau, Malam. Kai da hannunka ka hidda ni cikin kunyar ga."