Lambun Harnwell

Honor ce ta tuƙa motar tun daga Shrewsbury, mijinta Aubrey na gefe yana kallon gonaki. An daɗe da ciwon mantuwa ya kama shi. Da manta makullai ya fara, sai sunayen jikoki, yanzu har ita kan zama baƙuwa a idonsa. Ranar Litinin za a kai shi gidan kula da tsofaffi. 'Ya'yansu ne suka yanke, ita ma ta amince, don ƙarfinta ya ƙare.

Shi ya sa ta kama musu ɗaki a Harnwell. Gidan kakanninsa ne, a nan aka haife shi, daga baya aka sayar aka mai da shi otal. Tun da suka yi aure bai taɓa yarda sun taka wurin ba. Ta yi fatan ko ganin gidan zai dawo mata da shi, ko da na yini ɗaya ne.

Ranar da suka isa babu abin da ya gane. Ya wuce hotunan kakanninsa a bango bai ɗaga kai ba. Da aka kawo shayi ya zubar a wandonsa, ya ce shi a mai da shi gida. Honor ta goge masa, tana jin haushin kanta da ta wahalar da shi a banza.

Washegari ruwan sama ya ɗauke, ta ja shi zuwa lambu. Suna sauka daga matakalar dutse ya tsaya cak, ya miƙe bayansa, ya dube ta da fara'a.

"Baiwar Allah, baƙuwa ce ke, ko? Zo in zaga da ke."

Ya ba ta hannu ta riƙe. Ya nuna mata tafkin da ya taɓa faɗawa yana yaro, mai dafa musu abinci ta tsamo shi da sandar shara sannan ta zane shi da ita. Ya nuna mata furannin da mahaifiyarsa ta shuka a jikin katanga, da wata ƙofa da ganye ya rufe, wadda ta nan yake sulalewa zuwa gari. Rabon da ta ji ya jera magana haka har ta manta.

Suka zauna a benci. Ta ce, "Kana da iyali?"

Ya yi dariya, ya rage murya. "Tukuna. Amma akwai wata yarinya a Ludlow, 'yar mai gyaran agogo. Baba ya ce in na aure ta kada in sake shigo masa gida."

Honor ce 'yar mai gyaran agogon, amma ba ta taɓa jin wannan ba. Ya sha gaya mata cewa hanya ce ta yi wa iyayensa nisa, shi ya sa ba su zo bikinsu ba.

"Kyakkyawa ce?"

"Ba can ba. Ga tsiwa. Amma in ta shigo ɗaki, ba na ganin kowa."

"To, ka aure ta mana."

"Kina ganin za ta yarda? Ba ni da komai fa."

"Za ta yarda," in ji Honor. Ta kau da kai tana kallon tafkin, har idonta ya bushe.

Bai jima ba ya gaji. Fuskarsa ta sake dagulewa, ya fara tambayar ina mahaifiyarsa, me ya sa baƙi suka cika musu gida. Ta lallaɓa shi suka koma ciki.

Ranar Litinin ta kai shi. Ta jera masa kayansa, ta gaya wa ma'aikaciyar cewa ba ya son madara da yawa a shayi. Da ta tashi tafiya ya miƙe da ladabi, ya yi mata godiyar rage masa hanya. Ta sumbace shi a goshi, ya ɗan ja baya da kunya.

Ta daɗe zaune a mota kafin ta iya tayar da ita.