Ranar da Malam Hadi Ya Cire Takalmi

Malam Hadi ya raɓe a bayan wata katanga a Sintali, ya duba gabas ya duba yamma, sannan ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa. Sau-ciki ne da ya sayo a Kano ranar da ya gama koyon aikin asibiti, irin mai kuka ƙiiƙ-ƙiiƙ, wanda duk Jalingo ta san muryarsa. Ya tusa shi a jaka har da safa, ya taka ƙasa yana yamutsa fuska.

Ɗakin shan magani ga shi can ana hangowa. Amma dole sai ya bi ta gindin maɗaci, a nan kuwa Abbo yake zama.

Can a Kano, da aka ce kowa ya zaɓi ɓangaren da zai riƙe, abokinsa Njidda ya ɗauki allura da wankin miki. Hadi ya ɗauki ido. In an tambaye shi dalili sai ya gyara murya ya ce aikin lada ne. Ƙarya yake, gawa yake tsoro. Ya ji malamansu suna cewa aikin ido aiki ne mai tsabta, ba jini, ba wari, kuma ba mai mutuwa a hannunka. Ba su yi ƙarya ba. Sun dai manta su gaya masa cewa wanda bai mutu ba yana nan. Njidda in aiki ya ɓaci a hannunsa, kafin la'asar an kai mutum makwanci, dangi su dawo su gode masa da ƙoƙari, su ce kwana ne ya ƙare. Na Hadi kuwa, su tashi da safe, su yi alwala, su zo su zauna masa a hanya.

Abbo Bafillace ne daga wajen Lau, mai garke. Ciwon nan da ƙudan bakin kogi ke sawa ya riga ya cinye masa ido kafin a kawo shi. Hadi lokacin sabon zuwa ne, farar rigarsa ko wanki ba ta sha ba. Ya haska tocila, ya ce, “Baffa, kafin ruwan farko za ka ga shanunka da idonka.” Alhali abin da ke cikin akwatinsa ruwan ɗigawa ne da man shafawa. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Abbo bai koma Lau ba. Bai yi zagi ba, bai kai ƙara wurin alƙali ba. Gaisuwa kawai yake yi. Har makafin da Hadi ya yi wa irin wannan albishir suka gane inuwar, suka jeru kusa da shi.

Yau Baturen likita zai zo rangadi daga Yola, kuma Hadi ya ƙudura zai roƙi a mayar da shi ɓangaren allura. Ya yi ta bitar Turancin a gaban matarsa Saratu. Ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗe ba, ta ce, “Kai ɗin? Da in za a yanka kaza sai ka tuna kana da aiki a ɗaki?”

Ya taho yana sanɗa kamar mai satar ƙwai. Ya kusa wuce maɗacin.

“Likita! Jam na?” Abbo ya gaishe shi da Fillanci. “Yau ba takalmi?”

Hadi ya daskare.

“Man da kake shafa wa kai ya riga ka isowa,” in ji Abbo. Sauran suka bushe da dariya. “Matso mu gaisa, ɗana. Na ji ƙanshin ƙasa jiya. Wannan ne ruwan farkon, ko wani muke jira?”

“Baffa, a bar maganar, ina sauri.”

“Mu ba mu sauri.”

Hadi ya durƙusa ke nan yana raɗa wa Abbo ya rufa masa asiri, sai ga motar Bature ta tsaya. Baturen ya sauko, dogo, jajir, yana fifita da malafa. Irin waɗanda suka karanta al'adun ƙasar nan a littafi tun a jirgin ruwa ne, suka ɗauka sun gama saninmu. Ya dubi ma'aikacinsa durƙushe a gaban dattawa, ƙafa ba takalmi, sai fuskarsa ta yi taushi.

“Madalla da ladabi,” ya ce da Hausarsa mai santsi. Ya juya ga Abbo. “Baba, yaya aikin wannan yaro?”

“Ranka ya daɗe, ya ce zan gani. Ina jira. Kada ka ɗauke shi. In ka ɗauke shi, wa zan jira?”

Baturen ya girgiza kai cike da tausayi. Ya dafa kafaɗar Hadi, ya ce ya zaga lardin nan kaf bai ga wanda marasa lafiya suka riƙe haka ba. Ya ce da ma ana neman wanda za a ƙara turawa Kano ya zurfafa a aikin ido, ya dawo ya riƙe sabon ɗakin da za a buɗe a Lau, inda ciwon ya fi ƙamari. Ya ce ba sai ya ƙara nema ba.

Turancin da Hadi ya yi ta bita ya taso har maƙogwaro. Ya dubi hannun da ke kafaɗarsa. Tunda yake Bature bai taɓa dafa shi ba.

“Yassa,” ya ce. “Na gode, sa.”

Baturen ya wuce ciki, Njidda, da shi ma a nan yake aiki, yana buɗe masa ƙofa.

Abbo ya lalubo sandarsa ya ɗora a cinya.

“Lau,” ya ce. “Gida ke nan. Can mun fi yawa.” Ya juyo da fararen idanunsa daidai inda Hadi yake. “Sa takalminka, Likita. Mutanen can ba su san kukansa ba tukuna.”