Tumatir a Kan Soron Filippa

Ba don ɗakunan Filippa Cangemi ta sayi gidan ba. Ɗakunan kam ko akuya aka ɗaure a ciki sai ta yi ƙorafi. Uku ne, wani bisa wani, kowanne da warin danshi, ga matakala mai ƙunci da sai mutum ya karkace kafin ya hau. Don soron ta saye shi. Gidan ne na ƙarshe a saman lungu, in ka hau kansa ba abin da ke gabanka sai gonakin zaitun har bakin teku. Rabin rayuwarta ta ƙarar a birnin Torino tana girka wa ma'aikatan wata masana'anta abinci, kullum cikin tururi da hayaniya, kullum wani na miƙo mata faranti. Abin da take nema yanzu bai taka kara ya karya ba: kujera ɗaya a kan soro, inda ba mai kiran sunanta.

Soron yana da doguwar tsaga daidai saman ɗakin kwananta. Mastru Liborio, maginin da ta ɗauka, ya fara da cikin ɗakin, ya yi masa farin filasta mai kyau har rufi. Daga nan ya hau sama ya sa guduma ya ƙara buɗe tsagar, wai don siminti ya shiga sosai kafin a bi da kwalta. Watan Agusta na kamawa sai ga shi yana tattara kayan aikinsa.

"Ina kuma za ka, Mastru? Ka bar mini soro a buɗe."

"Sai an gama tumatir, sinyora."

"Wane tumatir?"

"Na lungu mana," ya ce, yana kallonta kamar ta tambaye shi ina rana take fitowa.

Washegari da safe tana shan kofi ta ji makulli yana juyawa a ƙofarta. Ƙofar gidanta, da ta saya da guminta! Wata 'yar ƙaramar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta shigo, Za Nedda, wadda kowa a lungun yake shakka. Bayanta mata ne bibbiyu ɗauke da alluna masu faɗin ƙyaure, wasu da bokitai cike da markaɗen tumatir.

"Kin tashi lafiya, 'yata? Ɗan matsa, kin tare hanya."

Haka suka wuce ta suka haye. Tun zamanin kakanni a wannan soron matan lungu suke shanya strattu, markaɗen da ake zuba wa gishiri a baza a kan allo, a yi ta juyawa a rana har ya yi kauri kamar yumɓu, a ci shekara ana miya da shi. Nan ne kaɗai rana take tsayawa daga safe har yamma. Tsohon mai gidan kuwa, kafin ya rasu, babu gidan da bai ba makulli ba. Wanda ya sayar mata bai ga abin faɗa a wannan ba.

Filippa ta hau ta yi bayani cikin ladabi. Ta sake yi ba cikin ladabi ba. Za Nedda ta saurare ta har ƙarshe tana gyaɗa kai, sannan ta ce, "Gaskiyarki, gidanki ne. Miƙo mini gishirin can."

Filippa ta canza kuba. Da gari ya waye ta ji takun ƙafafu a saman kanta. Ashe matan sun jingina tsanin Mastru Liborio daga soron Sarina, maƙwabciyarta, suna tsallakowa ɗaya bayan ɗaya, har da tsohuwar, an riƙe mata siket. Filippa ta gangara dandali a fusace ta sami maginin yana buga kati a inuwa.

"Tsaninka ne, kuma aikina ka bari!"

"Sinyora, Za Nedda gwaggona ce. In na dafa kwalta kusa da tumatirinta wari ya shiga, a ina zan ci abinci a garin nan? Ki yi haƙuri. Ruwa ba ya zuwa yanzu."

"In ya zo fa?"

"Ba ya zuwa," ya ce, ya jefa katinsa.

Ita ba ta yarda da shi ba. Ta sayo tamfol ta shimfiɗa a kan tsagar da hannunta, ta danne da duwatsu. Kujerar da ta kai sama kuwa ba ta taɓa zama a kai ba, ta zama wurin ajiye bokiti da ƙyallen kare ƙuda. Abin da ya fi ƙona mata rai ma ba hayaniyar ba ce. Sarina ba ta iya juya markaɗen ba. Tsakiya kawai take motsawa, ta bar gefe yana ƙamewa yana baƙi. Filippa takan hau shanya wanki ta gani, ta cije leɓe ta sauko. Ina ruwanta? Ta rantse ba za ta sake taɓa abincin kowa ba.

Ranar da strattun ya kusa kaiwa, ya yi ja wur yana ƙamshi har lungu, aka yi rasuwa a ƙasan gari. Kowa ya tafi coci, Liborio ma yana cikin masu ɗaukar akwatin gawa. Filippa ba ta san mamacin ba, don haka ta zauna. Karon farko ke nan da gidan ya yi tsit. Ta hau sama, ta sauke bokiti daga kujerarta, ta zauna ta miƙe ƙafa. Ko numfashi ba ta gama saukewa ba ta hango hadari ya taso daga teku, baƙi ƙirin, yana tahowa da sauri.

Ta miƙe ta duba tamfol ɗinta. Yana nan daram. Ta juya ta dubi allunan da ke jere can ɗaya gefen, wahalar mata lungu guda, miyar gidajensu ta shekara. Ta ƙwala wa Sarina kira, shiru. Ta kama allo ɗaya ta ja, ko gezau, aikin mutum biyu ne. Ɗigon farko ya faɗo a tsakiyar jan markaɗen ya yi ɗan rami.

"Ba nawa ba ne," ta faɗa da ƙarfi. "Ba ruwana!"

Tana faɗa tana watsar da duwatsun. Ta finciko tamfol ɗin daga kan tsagar, ta ja shi tana zagin Liborio da gwaggonsa da wanda ya sayar mata da gida, ta rufa wa allunan. Iska ta nemi ƙwacewa, sai Filippa ta kife kujerar a kan gefe ɗaya, ta haye ɗaya gefen ta zauna da jikinta. A nan ta zauna ruwa yana dukanta, tana kallon yadda yake taruwa yana gangarawa cikin tsagar kamar an yi masa hanya. Can ta ji wata ƙara daga ƙasa, rif! Ba sai an gaya mata ba.

Da ruwa ya ɗauke matan suka iso a guje, a jiƙe, suna haki. Ta ƙofa suka shigo, don ta manta ba ta kulle ba. Sun wuce ɗakin kwananta sun ga sabon filastan rufi kwance a kan gadonta, ruwa na ɗiga a kai. Suka haye soron.

Za Nedda ta ɗaga gefen tamfol, ta lakaci strattu da yatsa ta kai baki. Ta lumshe ido. Sannan ta dubi Filippa da ke rawar sanyi, gashi manne a fuska.

"Ko ɗigo bai ɓata shi ba. Wa ya shafo gefen nan ya dawo da shi tsakiya?"

Filippa ta dubi hannunta. Jawur yake har wuyan hannu. Ita kanta ba ta san lokacin da ta yi ba.

"Sarina ce take barin shi yana ƙonewa," ta ce cikin fushi. "Mutum ya zuba ido yana kallo?"

"Na daɗe ina faɗa mata." Tsohuwar ta juya ga sauran. "Kun huta da hawan tsani da tsakar rana. Baɗi ita za ta riƙa juya mana, tunda a gidan take."

Filippa ta buɗe baki za ta ƙi, amma Sarina ta riga ta tayar da kujerar ta ɗora bokiti a kai.