Zanzana a Ƙofar Kabad

Sau huɗu ke nan tsohon yana fesa ƙofofin nan, sau huɗu suna ba shi kunya. Ƙofofin kabad ne na kicin ɗin autarsa, guda goma sha huɗu, ya ɓalle su ya jera a kan bulo cikin garejin gidanta. Shekara arba'in da ɗoriya yana sana'ar fenti, amma da na mai ya saba. Wannan karon surukinsa ya ce na ruwa yake so, wai shi ba ya wari, ga jariri a gida.

A feshin farko fentin ya yi kauri, ya bushe da ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo. Ya gane laifinsa, ya ƙara ruwa. A na biyu ruwan ya yi yawa, fenti ya gangaro ta gefen ƙofofi kamar majina. Wannan ma ya gane. Ya bi su da sanfefa har gareji ya yi fari fat, ya daidaita haɗin, ya tace shi da tsohuwar safa. Na ukun ne ya gagare shi. Yana fesawa sai fentin ya riƙa darewa, yana barin ƙananan ramuka zagaye kamar zanzana. Ya goge ya sake, zanzana ta dawo.

Ya san maiƙo ne ke haddasa haka, fentin ruwa ba ya jituwa da shi. Sai dai daga ina? Ya kwance bindigar feshi ya wanke ta daki-daki. Ya zubar da ruwan tankin kwamfiresa, injin da ke ba bindigar iska, ya sake tiyo, ya zagi injin har da wanda ya sayar masa. Da abin zargi ya ƙare sai ya tsaya yana kallon hannunsa na dama, ko shi ne tsufa ya fara ci.

A haka surukin ya same shi da safe, da makullin mota a hannu. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe yana kallon ƙofofin.

"Baba, wallahi ba raini ba ne. Kwana goma sha ɗaya tukwanenmu suna falo. Akwai wani mai fenti kusa da wurin aikinmu, gobe zai zo ya duba."

"Ya duba me? Ni makaho ne?"

"Haba Baba. Ka huta mana, ai ka yi mai wuyar."

Tsohon ya san wannan hutun. Yau a gidan 'yarsa, gobe maganar ta kai layin kafintoci, jibi babu mai kiransa ko don fesa ƙafar benci.

Ya sake ɗaukar sanfefa. Har azahar yana gurza, kafaɗarsa tana ƙara kamar tsohon ƙyaure. Da ya gama ya fita inuwa ya ɗan miƙe, sai ya tuna ya bar tabarau a kan bokiti. Yana komawa ya tarar da Auta a sunkuye, da tsumma a hannu ɗaya, gwangwani a ɗayan, tana fesawa tana gogewa.

"Ke Auta, me kike yi?"

"Ƙura nake share maka, Baba. Na ji kana ta tari."

Ya karɓi gwangwanin ya sansana. Man goge teburi ne, mai ƙamshin lemo. Ya shafa yatsa a kan ƙofar da take gogewa, ya ji santsi sumul.

"Tun yaushe kike min wannan alherin?"

"Tun ranar da ka yi babbar gugar nan. Kullum in ka fita."

Ya kife bokiti ya zauna. Dariya ta so zuwa, ƙarfin yin ta ne babu.

"Ashe ke ce kwamfiresan da nake ta zagi kwana uku."

Ta zaro ido, ta dubi tsumman, ta dubi ƙofofin. "Na shiga uku! Baba, ni na dage sai kai za ka yi aikin nan, kuma ni na ɓata? Bari maigidan ya dawo in gaya masa."

"Ki gaya masa me? Zai ce kina rufa wa tsoho asiri ne. Ɗora min ruwan zafi, ki kawo omo da tsumma sabo. Gwangwanin nan kuma kada in ƙara ganinsa ko a mafarki."

Ƙofa ɗaya ya zaɓa. Ya wanke ta sau uku, ya ɗauraye, ya jingine ta a iska har ta bushe. Ya bi ta da sanfefa mai laushi. Ya fara yi mata yayyafi siriri, ya jira ya kama, sannan ya bi da cikakken feshi, hannu yana tafiya daga hagu zuwa dama ba tsayawa. Fenti ya kwanta luf. Ya zauna yana gadinta, ko ƙuda bai bari ya raɓe ta ba.

Da la'asar sakaliya surukin ya dawo. Ya karkata kai ya duba ta gefen haske, ya sake dubawa ta ɗaya gefen.

"Ikon Allah. Baba, me ka canja?"

"Tsumma."

Surukin ya jira ƙarin bayani, bai samu ba. Ya sosa ƙeya, ya ciro waya. "Bari in kira mutumin nan in ce ya bari."

Ya fita yana magana ƙasa-ƙasa. Tsohon ya juya ya dubi sauran sha ukun, kowace da man Auta a jikinta, kowace sai an wanke sau uku kafin a yi zancen feshi. Ya sauke dogon numfashi.

"Auta! Gobe babbar tukunya za ki ɗora. Ki haɗo min da kujera, a zaune zan yi wankin."