Aron Dunƙule

Duk garin Mbeya babu telan da ya kai Mwakyusa wayo, in ji shi da kansa. Ɗan tsurut ne, hannunsa kamar na yaro, amma in ya zauna gaban ugali, tuwon masararsu, sai ka rantse ƙato uku ne ke ci. Ciwon suga ya kama shi, ya fara taɓa masa ido, har zare na yi masa gardama a kafar allura. Ga bikin 'yarsa Tusa ya matso, shi kuwa ya rantse babu mai ɗinka mata rigar aure sai shi.

Abin da ke ba shi haushi da Sista Ndimbumi, nas ɗin asibitin unguwarsu, shi ne ba ta faɗa. Da faɗa take, ai da ya rama. Ita sai tambaya.

"Baban Tusa, kai me kake ganin za ka iya canjawa? Abu ɗaya tak."

"Ke ce mai karatu, Sista."

"Kai ne mai cikin."

Da ƙyar ya zaɓi rage ugali. Suka yi yarjejeniya: ganye iya son ransa, tuwo kuwa daidai dunƙulen hannu. Har ya tafa mata.

Sai dai fa Sista ba ta ce hannun wa ba! Mwakyusa ya tuna da ƙanin matarsa, Gwakisa, ɗan dako a kasuwar ayaba, wanda dunƙulensa ya kusa kan jariri. Kullum da rana sai ya aika a kira shi. Gwakisa ya dunƙule hannu, a auna wa tela malmala, shi ma Gwakisa a zuba masa tasa ladan aro. Kowa ya ci riba, ban da idon tela.

Ranar komawa asibiti aka caki yatsa, suga na nan sama abinsa.

"Wallahi dunƙule ɗaya nake ci," in ji Mwakyusa, ya dafe ƙirji.

Maman Tusa, wadda ta rako shi, ta leƙa waje, inda ta sa ƙaninta ya jira. "Gwakisa, shigo da ma'aunin!"

Ƙato ya sunkuyo ta ƙofa, ya ajiye hannu a kan tebur, tebur ya yi ƙara. Sista ta dubi hannun, ta dubi tela, ta yi dariya har da hawaye.

"Ban karya alkawari ba," ya ce.

"Ko kusa. Laifina ne, da ɗan wayo na yi ciniki." Ta share ido. "Hannu dai ka aro, ya yi maka aiki. To ranar ɗinkin rigar Tusa fa, idon wa za ka aro?"

Tsoro ya kama Mwakyusa, na gaske, wanda bai ji ba ko ranar da aka ce yana da ciwon.

Da rana ya dunƙule nasa hannun a gefen tukunya, ya ɗan zaro babban yatsa ko zai ƙara auki. Maman Tusa ta make yatsan da muciya. Abin da aka zuba masa ko kaza za ta raina.

"Yaya, ni fa?" in ji Gwakisa daga bakin ƙofa.

"An sallame ka daga aiki," in ji Mwakyusa.

Ya cinye, ya sha ganyen kabewa yana tsaki. Sannan ya rataya igiyar awo a wuya ya ƙwala kira: "Tusa! Zo in auna ki tun ina ganin lambobin."